Tsakanin Gado da Banɗaki

Warwick ne ya nemo otal ɗin. Ya daɗe yana bugun waya yana yi wa mutane tambayoyin da ba su saba ji ba: faɗin ƙofar banɗaki, tsayin gado daga ƙasa, ko akwai tudu a bakin shawa. An sha ce mana ɗaki ya dace da mai keken guragu, mu kwashi hanya mu je mu tarar da matakala a bakin ƙofa. Saboda haka wannan karon bai yarda ba sai da wata ma'aikaciyarsu ta ɗauki tef ta shiga ɗakin, tana awo tana faɗa masa ta waya.

Ni ce mai keken. Sunana Narelle, Warwick mijina ne. A da ni ke tuƙa motar 'yan makaranta a garinmu Dalby. Wata safiyar Asabar ina cikin tawa motar na kauce wa kangaru, wata babbar dabbar daji mai tsalle, a hanyar garin Chinchilla, motar ta wuntsila, wuyana ya karye. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba na jin komai. Hannuwana suna ɗaguwa, amma yatsun ba sa damƙar abu, muryata kuma ta ƙanƙance don huhun ba ya cika kamar da. Tun da na fito asibiti Warwick ya bar wa ma'aikatansa gareji rabin yini, ya dawo shi ke yi min wanka, shi ke juya ni, shi ke sa min kaya. An turo mana masu taimako, ba a daɗe ba ya sallame su, wai ko takalmi ba su iya sa min ba. Gaskiyar maganar, ni ce ba na son baƙon hannu a jikina, shi kuma ya sani.

'Ya'yanmu biyu, duk mata. Tahlia shekararta sha biyar, Immy takwas. Abu guda muka tsayar ni da shi, yaran nan ba za su zama 'yan jinya ba. In zai shirya ni sai an tura ƙofa. Tahlia tana taje min kai, tana riƙe min kofi, iyakarta ke nan.

Hutun makaranta na Satumba muka tafi Gold Coast, garin shaƙatawa na bakin teku, tafiyarmu ta farko mai nisa tun hatsarin. Otal ɗin a manne yake da wani babban filin wasannin yara da manya, ƙofa ɗaya ce tsakani. An ba mu ciki da falo a ƙasa, da wani lungu mai gadon yara sama da ƙasa, an zane bangonsa da kifaye. Kafin a sauke jaka Immy ta haye gadon sama ta ce nata ne.

Ni banɗaki na nufa. Na tura sandar keken, ya shige bai goga ko'ina ba, na juya shi ya zagaye tsaf a tsakiya. Madubin a ƙasa yake, daidai fuskata. Na gida goshina kawai yake nuna min. Na daɗe a wurin.

"Rel, ɗaga kai ki ga abu," in ji Warwick.

Wani layin ƙarfe ne a jikin silin, ya taso daga saman gado ya ratsa ɗakin ya shiga banɗaki. Injin ɗagawa yana rataye a jikinsa, da rimot mai igiya. Namu na gida mai taya ne, sai an tura shi da ƙarfi a kan kafet, shi ya cinye wa Warwick baya.

"Wannan ko da ɗan yatsa," ya ce, yana tura injin gaba da baya. "Ranar tafiya ki tsare min ƙofa in kwance shi."

"A wace jakar za ka sa?"

"A ƙarƙashinki. Wa zai caje ki?"

Tagar ɗakin tana kallon wani babban jirgin wasa da ke hawa sama a hankali a kan layinsa sannan ya sako kai ƙasa. Duk sakowar da zai yi sai ihun mutanen ciki ya cika ɗakin, ko da taga a rufe take. Daga buɗe fili har tashi haka ake yi, har kunne ya saba.

Rana ta farko ta yi kyau. Yawanci ni ce mai gadin jakunkuna da huluna a inuwa, amma akwai wani kwalekwale mai tafiya a hankali da ake shiga da keke, muka shiga mu huɗu. Immy ta ce na tsofaffi ne, amma ba ta saki hannuna ba har muka fito. Da yamma muka ci kifi da soyayyen dankali a bakin wurin ninkaya, wasu tsuntsaye masu dogon baki suna zagaye mu suna jiran mu yi sakaci.

Washegari yaran suka tashi da wuri. Shiryata kan ɗauki lokaci, Immy kuwa ta sa takalmi tun kafin ta wanke baki, tana bakin ƙofa tana rawar ƙafa.

"Baba, layi zai yi tsawo fa."

"Tahlia, ja ta ku tafi," ya ce. "Mu haɗu wurin mai askirim lokacin abincin rana. Kada ki sake mata hannu."

"Sai ka ce yau na fara."

"Ki shafa mata man rana," na ce.

"Na shafa, Mama."

Suka fita. Ya ɗauki ɗan katin nan na kada a dame mu ya rataya a waje, ya dawo ya tura ƙofar ciki, ya ɗaga min gira.

"Kai dai tsufa bai koya maka komai ba," na ce.

Ya yi min wanka a kan kujerar shawa yana waƙa da muryarsa marar daɗi. Ya zura majanyin da ake tallafo ni a ciki ta bayana da ƙarƙashin cinyoyina, ya maƙala maɗauransa a injin, ya danna. Na tashi sama ina ɗigar ruwa, tawul a ƙirjina. Yana tafe da baya-baya, rimot a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana jan gwiwata, yana ba ni labarin wani manomi da ya kawo masa tarakta da maciji kwance a cikin injin. Muna daidai ƙofar banɗakin ƙafarsa ta zame.

Warwick ƙato ne. Ya tafi gaba ɗaya, ƙugunsa ya fara bugun tayil, sannan ƙeyarsa ta daki gefen ƙofa. Igiyar rimot ɗin ta fizge daga jikin injin ta bi shi ƙasa. Ni kuma na yi ta lilo a sama, in je in dawo, har lilon ya tsaya don kansa.

"Waz," na kira shi da sunan da nake ce masa.

Idonsa a rufe, bakinsa a ɗan buɗe. Ina kallon jini yana bin layin tayil a hankali yana gauraya da ruwan wankana. Na zuba wa cikinsa ido har na ga yana ɗagawa.

Na kira shi, na sake kira. Tsakanina da shi bai kai tsayin mutum ba, amma shi yana ƙasa ni ina sama. Wayata tana maƙale a hannun kekena can gefen gado. Tasa tana falo a kan tebur. A jikin injin akwai wata 'yar igiya da ake ja a sauke mutum in wuta ta ɗauke, tana saman kaina. Na ɗaga hannu na taɓa ta da bayan yatsu, ta kaɗa ta dawo. Na gwada matse ta tsakanin tafukana biyu, ta sulluɓe. Na yi ta gwadawa har kafaɗuna suka mutu. Tawul ɗin ya zame ya faɗa a kan ƙafarsa.

Sai na yi ihu. Na tara duk iskar da ke ƙirjina na ce a taimaka. Abin da ya fito bai fi muryar mai kiran kyanwa ba. A daidai nan jirgin ya sako, mutane suka ɓarke da nasu ihun na jin daɗi, ya shafe nawa.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba kafin ya buɗe ido. Ya kalli silin, ya kalle ni.

"Me kike yi a can?"

"Shan iska. Kada ka motsa, ka fasa kai."

Bai ji ba. Ya dafa ƙasa zai tashi, sai wani sauti ya fito masa wanda ban taɓa ji ba duk zamanmu, ya koma ya kwanta, fuskarsa ta yi fari, gumi ya karyo masa. Ƙafarsa ta dama ta juya waje, ta fi ɗayar gajarta.

"Ƙugun ne," ya ce bayan ya samu numfashi. "Ya tafi, Rel."

"Na gani."

"Ina rimot?"

"Ga shi a hannunka."

Ya duba, ya danna, ya sake dannawa, sannan ya ga bakin igiyar yashe a ƙasa. Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da nishi.

Akwai jar igiyar neman agaji a banɗakin, wadda ake yi doguwa har ƙasa don wanda ya faɗi ya iya ja. Na juya kai na neme ta. Wani ya naɗe ta ya ƙulle a jikin ƙarfen dafawa, can sama, wataƙila don kada ta riƙa shiga tsumman goge ƙasa. Na shiga na fita jiya ban lura ba. Warwick ya ja jiki da gwiwar hannu ya nufe ta. Bai yi wani nisa ba ya yi amai, idonsa ya juye, ya sake suma na ɗan lokaci. Da ya farfaɗo na ce in ya ƙara motsawa zan rabu da shi.

"Ki tafi mana," ya ce. "Ga hanya nan."

Muka ji ƙarar amalanken masu gyaran ɗaki a waje. Ya tsaya a ɗakin maƙwabta, aka ƙwanƙwasa can. Muka haɗa baki muka yi kira, shi numfashinsa a yanke, tawa muryar kuwa ba ta ko isa falo. Ya ɗauki rimot ɗin yana buga shi a tayil. Amalanken ya taso, ya zo daidai ƙofarmu, ya ɗan yi jinkiri. Sai ya wuce. Katin yana nan a rataye.

"Ni na sa shi da hannuna," in ji Warwick.

"Ni ma da na isa da na sa. Yi shiru."

Daga nan kaina ya fara sarawa. Masu irin ciwona sun san wannan sarar. In wani abu ya matse jiki a inda ba ka ji, jikin ba shi da hanyar gaya maka sai dai jini ya hau, kai ya riƙa bugawa kamar ana daka a ciki, fuska ta yi ja, hanci ya toshe. Ba a yi majanyin don a daɗe a ciki ba, yana can yana yankar cinyoyina ban sani ba. A asibiti sun ja mana kunne cewa in ya fara a cire abin da ke matsewa nan take, in ba haka ba jijiya na iya fashewa a ka. Na kawar da fuskata gefe. Amma mutumin da aikinsa kullum karantar fuskata, me zan ɓoye masa.

"Kin yi ja."

"Kunya ce. Tsirara nake a gaban namiji."

"Narelle."

"Ya fara," na ce.

Ya rufe ido. Hawaye ya bi gefen fuskarsa ya shiga kunne. Ko ranar da likita ya ce ba zan ƙara takawa ba, a waje ya yi kukansa, sai daga baya ƙanwarsa ta faɗa min. Ya miƙo hannu sama iya tsawonsa, ya samu ya kama babban yatsan ƙafata. Da ido na ga ya kama, ban ji ba.

"Ina riƙe da ke."

"Na gani."

Wayata ta yi ƙara a jikin keken, sautin da Immy ta sa min na kiran Tahlia. Muka saurare ta har ta katse. Sai tasa ta ɗauka a falo, ita ma ta katse.

"Za ta zo yanzu," ya ce.

"Za ta ce mun makara kamar kullum, ta saya wa Immy askirim su koma layi."

Haka kuwa ta yi, daga baya ta gaya min.

Na ga idonsa yana lumshewa, na ji tsoron kada ya yi barci da wannan rauni a ka. Na ce ya ƙarasa min labarin macijin. Ya fara, ya ɓata, ya koma farko. Na tambaye shi launin taraktar, na tambaye shi sunan manomin, duk da na san mutumin da matarsa. Yana amsawa a hankali, ni kuma ɗigo-ɗigon baƙi suna yawo a idona, ina ganin ƙofa biyu a inda guda take. Abin da nake ta tunani shi ne Immy ce kullum ke riga kowa shiga ɗaki da gudu. Ina roƙon Allah su dawo, ina kuma roƙon kada ita ce ta fara buɗe ƙofar nan. Jirgin yana hawa yana sakowa, ana ihu.

Can muka ji ƙofar waje ta buɗe.

"Mun gaji da jira," in ji muryar Tahlia daga falo, a fusace. "Ko waya ba kwa ɗauka. Immy ta zubar da miyar tumatir a rigarta, ni kuma..."

"Tahlia," Warwick ya kira da sauran ƙarfinsa. "Bar Immy a nan. Ke kaɗai ki shigo."

Ta turo ƙofa ta tsaya, hular rana a kanta, hancinta ya ƙone. Ta kalli jinin, ta kalli ubanta, ta ɗago ta kalle ni. Ta kawar da kai da sauri, sai kuma ta maido. Ta yi kansa za ta durƙusa.

"Ba ni ba," ya ce. "Mamanki. Ɗauko kujera. Bakin igiyar nan za ki mayar a ramin da ke gefen injin."

Ta kuskure ramin, ta sake kuskurewa, sannan ya shiga. Ya ce ta tura ni ta bi layin har saman gado, ta danna na ƙasa. Ta tura. Na sauka a kan zanin gado. Na ce ta ɗaga kan gadon in zauna, ta cire maɗauran, ta zare majanyin daga ƙarƙashina. Tana yi tana ganin komai: siraran ƙafafun, da tabon aiki, da robar fitsari da jakarta, da jan shatin da majanyin ya bari a cinyoyina. Ta jawo mayafi ta rufe ni har wuya, ta ɗauki wayarta ta kira motar asibiti.

"Me ya faru?" in ji Immy daga bayan ƙofa. "In shigo?"

"A'a," in ji Tahlia. "Baba ne ya faɗi. Je ki buɗe ƙofar waje ki tsaya ki riƙe ta, masu taimako suna zuwa. Kada ki saki."

Ɗakin ya cika da mutane. Suka yi wa Warwick allura, suka ɗaure masa wuya da ƙafa, suka ɗora shi a gadon ɗauka. Ɗaya daga cikinsu ta zauna kusa da ni tana auna jinina har ya fara sauka. Ta so a tafi da ni, na ce in na tafi yaran fa. Manajar otal ɗin ta zo, wata mace mai furfura, ta shiga banɗaki ta kwance jar igiyar da hannunta, ta fito ta tsaya tana ba ni haƙuri, ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Da za a fita da shi Warwick ya ce a tsaya.

"Wa zai juya ta?" ya tambayi ɗakin gaba ɗaya.

Aka tura shi aka fita.

Manajar ta yi ta waya wuraren da ke turo masu jinya. Lokacin hutu ne, duk wanda ta samu sai ya ce sai gobe. Ita da kanta ta ce za ta taimaka, amma ba ta san ta inda ake farawa ba, ni kuma na kasa cewa to. Aka kai Immy wurin wasan yara na otal ɗin. Muka rage ni da Tahlia. Ina kwance ina kallon layin ƙarfen, ina gaya mata abu bayan abu: yadda ake zubar da jakar, yadda ake duba baya ko fata ta yi ja, inda ake sa filo tsakanin gwiwoyi. Duk abin da na faɗa sai na haɗa da yi haƙuri.

"Mama, ki daina ba ni haƙuri," ta ce. "Ki gaya min wane maɗauri ne na sama."

"Gajeren."

"To."

Da ta gama ta shiga banɗaki ta kunna famfo. Ta daɗe a ciki. Na ji kukan da ƙarar famfon ba ta rufe ba, ina kwance a gefen da ta juya ni, fuskata a bango.

Kwanakin da suka biyo baya a ɗakin nan muka yi su, don babu inda za mu. Motarmu tana ajiye a waje, babu mai tuƙa ta a cikinmu. Mai jinya tana zuwa safe da yamma, kullum sabuwar fuska. Immy ta daina tambayar wasanni, ta koma kwana a gadon ƙasa tare da yayarta. Tasi mai ɗaukar keke ta kai mu asibiti bayan an yi wa Warwick aiki an sa masa ƙarfe. Gadonsa ya yi min tsawo, gefen fuskarsa kawai nake gani. Immy ta haye kujera tana cinye masa kayan zaƙin da aka kawo da abincinsa.

"Ranar farko wa ya shirya ki?" ya tambaya a hankali.

"Tahlia."

"Duka?"

"Duka."

Ya juya kai ya kalli labule. Tahlia tana tsaye a ƙarshen gadon tana danna waya kamar ba ta ji.

Ƙanwarsa Bronwyn ce ta zo a bas daga Roma, wani gari can gaba da namu, ta tuƙa mu gida. Shi ya biyo baya da sanda, bayan makonni. Likitan ya gaya masa a gabana cewa ɗaga ni ya ƙare, ko da inji, ko ba inji. Ya yi gardama, likitan ya bar shi ya gama, sannan ya maimaita.

Yanzu mata biyu ke zuwa gidanmu, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Mutanen kirki ne, hannunsu ba shi da nauyi, ina koyon sabawa. Lokacin da suke ciki da ni Warwick yana zama a kicin, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa yadda zai ji duk motsin da ake yi. Wani lokaci muryarsa takan ratso bango.

"A hankali da kafaɗarta ta hagu."

"Mun ji, Warwick," in ji matar, ta kashe min ido.

In an turo ni na fito sai in tarar da shi ya haɗa shayi kofi biyu, duka sun huce, yana zaune ya ɗora hannuwansa a kan tebur.